Amshin da Na Yi wa Talatu a Kibiya

Ku da kuka taso kuka same ni a kan tabarma da basilla a hannu, ina saƙar faifan da babu wanda ya aike ni, da wuya ku yarda in an ce muku akwai lokacin da ba na iya zama wuri ɗaya ko na tsawon cin goro. Ni zabiya ce. Kiɗan ƙwarya na yi tun ina da goyon Yayarku Hadiza, wadda take rubuta wannan da nake faɗa. Daga nan Rano zuwa Kibiya, da Zurgu, da Nariya, gidan bikin da ba a kira Kande ba, mata kan ce an dai ci tuwo an watse. Allah ya ba ni murya mai tsini, irin wadda in na ɗaga ta a tsakar gida, maza a ƙofar gida sai sun dakata da hirarsu. Kuma ba a fagen biki kaɗai nake amfani da ita ba. Babanku, Malam Sule, ya sha cewa ya aure ni ne don ya huta da sayen rediyo, bai san irin wadda ba a kashewa ya ɗauko ba.

Mu shida ne a tafiyar. Biyu na dukan ƙwarya, uku na amshi, sai ni a gaba. Ku yaran yanzu da kuke jin waƙa a waya ba ku san nauyin amshi ba. Zabiya jefawa take yi, 'yan amshi su cafe su maido mata, a wannan ɗan tsakanin ne take shaƙar numfashi, ta kuma nemo baitin gaba. In aka jefa babu mai cafewa, waƙa ta faɗi ƙasa ke nan, kuma babu kunyar da ta kai wannan a sana'armu. Babbar 'yar amshina ita ce Talatu, mutuniyar Kibiya, 'yar siririya marar hayaniya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da wannan amshin take ci da su. Shekara goma tana bayana, ban taɓa jefawa ta bari ta faɗi ba, ko da kuwa baitin da na jefa shirme ne. Yaya take ce mini, ni kuma ina yi mata faɗa kamar ni na haife ta.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an kai amfanin gona gida bukukuwa suka yi yawa, har akwai ranar da muka yi wunin biki biyu a gari biyu. Muryata ta fara dishewa. Na sha zuma, na sha citta da kanumfari, na lashi man shanu har na gaji, abu sai gaba yake yi. Da Babanku ya ga ina haɗiyar yawu ina yamutsa fuska, ya sa ni a mota sai wani asibiti a Kano. Likita ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce wani tsiro ne ya fito a inda murya take fita, sai an cire. Aka cire. Da zai sallame mu ya zaunar da ni kamar mai laifi.

"Hajiya, wata guda ba magana, ko raɗa ban yarda ba. Bayan nan magana kaɗan-kaɗan. Waƙa kuwa sai bayan wata shida. In kin kiyaye, ina sa ran muryarki za ta dawo yadda take."

Babanku ya gyara hularsa ya ce, "Likita, wata gudan nan ba a ƙara shi ya zama biyu?"

Likita ya yi dariya, ni kuwa na harare shi, don harara ce kaɗai ta rage mini.

Kwanakin farko ban taɓa shan wuya irin tasu ba. Ciwon wurin aikin bai dame ni ba kamar maganganun da suke taruwa a bakina su rasa hanyar fita. In ga an bar murfin randa a buɗe, in ga akuya ta nufi shanyar gero, in ga Babanku ya fita da riga a bai-bai, duk ba halin in tanka. Muka yi dabara, aka kife mini 'yar ƙwarya a gefe, in na ƙwanƙwasa sau ɗaya na ce i, sau biyu na ce a'a. Kafin mako ya zagayo na fasa ƙwarya biyu. Ina zama sai in ji hawaye na zuba, ni da ban yi kuka ba ko ranar da aka kawo ni gidan nan. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya, don ban san wace ce Kande ba in an cire murya.

A haka Goggo Rabi ta zo daga Nariya ta zauna da mu. Ƙanwar mahaifin Babanku ce, tsohuwa mai ƙarfin hali, wadda ba ta zuwa ko'ina sai da ƙullin kabarta. Ta kwana biyu tana kallona ina zagaya tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. A na uku ta jawo zanina ta zaunar da ni, ta danƙa mini basilla da ɗan curin ciyawa.

"Ke 'yar nan, tunda an ɗaure bakin, saki hannun. In ba haka ba bango za ki fara duka."

Saƙar faifai daga cibiya ake fara ta. A lanƙwasa ciyawa ta zama ɗan zobe, a huda da basilla, a zura tsagin kaba a ja, a sake hudawa kusa da wurin, a haka ake ta zagayawa yana faɗi. Kabar sai an jiƙa ta tukuna, in ba haka ba ta karye. A ido abu ne mai sauƙi. Faifaina na farko da na gama shi, maimakon ya kwanta sai ya tashi ya yi ƙoƙo, saboda ja nake yi da haushi. Babanku ya ɗauka ya kifa a kansa ya ce ya gode, dama malfarsa ta gona ta tsufa. Ya kuwa fita da shi har ƙofar gida.

Goggo ta ce, "Hannunki irin bakinki ne, gaggawa gare shi. Kaba ba ta son a yi mata tsawa."

Na biyu ya karkace, na uku ya kwanta. Wajen na huɗu ne na lura da wani abu. In na huda na zura na ja, akwai wani lokaci da hannu yake bi wanda bai da maraba da dukan ƙwarya. Sai na kama rera waƙoƙina a zuci ina saƙa a kansu, in zo wajen amshi in sauya launi, ja ya karɓi fari, kore ya karɓi ja. Yini ya riƙa wucewa ban sani ba. Maganganun da suke cunkushe a ƙirjina suka lafa, na fara barci, na fara cin tuwo da daɗinsa. Goggo tana gefe tana ba ni labaran mutanen Nariya tun na zamanin kakanninta, ta samu abin da ta daɗe tana nema, wato mai saurare da ba ta katse ta. Har yau in raina ya ɓaci, kaba nake jiƙawa kafin in nemi kowa.

To, bukukuwan da muka riga muka karɓa fa, sai aka ce Talatu ta riƙe gaba kafin in warke. An tambaye ni, kuma sau ɗaya na ƙwanƙwasa. Amma da labari ya fara dawowa cewa wai ashe yarinyar nan tana da murya, wai a Zurgu har uwar ango ta cire mayafinta ta yafa mata, sai raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ne. Ana cikin haka masu zuwa dubiya suka fara kawo wata magana. Wai an ga Talatu ta ba ni goro a bikinmu na ƙarshe, wai daga ranar muryata ta tafi, wai ai biri ya yi kama da mutum. Suna faɗa suna kallon fuskata. Ƙwarya tana gefena, sau biyu kawai zan buga magana ta mutu. Na sunkuyar da kai na ci gaba da saƙa. Na san ƙarya ce, don da idona na ga abin da likita ya ciro, amma ta yi mini daɗin ji.

Wata ranar da hantsi, Goggo ta shiga maƙwabta, Babanku yana kasuwa, manyanku suna makaranta, sai na ji sallama daga zaure. Muryar Talatu ce. Mutanen gida sun san in na buga ƙwarya na amsa ke nan, ita ba ta sani ba, don sau ɗaya ta zo tun dawowata, kuma ta tarar ina barci. Dole sai na tashi na je zauren da kaina. Ta yi ta farko, na ce a raina bari in ƙarasa wannan zagayen. Ta yi ta biyu. Taku nawa ne daga inda nake zuwa zaure? Ta yi ta uku, a hankali, sannan na ji takunta tana komawa. Da na miƙe na leƙa, har ta sha kwana, ga matan layinmu biyu a bakin famfo suna kallo. Kun san mutanenmu. A yi wa mutum sallama uku yana ciki ya ƙi amsawa, ba sai alƙali ya zauna ba. Kafin la'asar magana ta kai Kibiya cewa Kande da kanta ta tabbatar.

Daga nan aka fara janye wa Talatu bukukuwa. In ta kai abinci gidan suna, a karɓa a zuba wa awaki. Yaranta aka riƙa yi musu waƙa a hanyar makaranta. Na ce bari in gyara da abin da na iya. Na zauna mako uku na saƙa faifan da ban taɓa yin irinsa ba, launi huɗu, gefensa kamar an zana, na ba da aka kai mata. Ban yi tunanin yadda kyauta daga hannun wadda aka ce an yi wa sammu za ta zama a idon mutane ba. Uwar Talatu tana ganinsa ta ce ramuwa ce aka aiko, kada kowa ya taɓa. Da muciya ta ɗauke shi ta kai wa wani malami, shi kuma ya zauna ya warware shi zagaye-zagaye yana neman laya, har cibiya. Bai sami komai ba sai ciyawa, ya ce lalle wanda ya yi aikin nan gwani ne, tunda har ya iya ɓoye shi haka. Da labari ya iso mana, Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, mako ukuna ne aka mayar tsintsiya.

Tun da wata ya cika na fara magana ƙasa-ƙasa, duk wadda ta shigo sai na ce mata Talatu ba ta yi mini komai ba. Sai su kaɗa kai.

"Allah sarki, Kande akwai haƙuri. Dubi yadda take rufa mata asiri."

Babanku ma ya faɗa a majalisarsu, aka ce ai Malam Sule mutumin kirki ne, ba ya son fitina. Maganar da na bari ta yi saiwa da shiruna ta fi ƙarfin 'yar muryar da ta rage mini. Na yi niyyar zuwa Kibiya da ƙafata, kunya ta hana ni, kullum sai in ce gobe. Wata ranar muna saƙa Goggo ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"In kin yi kuskure a zagaye na uku, ba a gefe ake gyara shi ba. A gaban mutane kika ƙi ta, a gaban mutane za ki karɓe ta."

A wata na huɗu aka yi bikin 'yar wani Alhaji a Kibiya, dangin Babanku ne ta wajen uwa. Uwar amarya ita kaɗai ce ba ta janye wa Talatu ba, don tare suka yi wasan ƙasa. Amma mun ji tun kafin ranar cewa sauran 'yan amshin biyu sun ce ba za su je ba, mazansu sun hana su bin mai asiri. Na ce wa Babanku za ni. Ya ce:

"Biki za ki, ko waƙa?"

Na ce, "Biki. Ga ma kabata zan tafi da ita."

Ya ce, "Saura wata biyu, Kande. Na dai tuna miki."

Bayan azahar aka kife ƙore a tsakar gida, aka zuba ruwa a babban baho aka ɗora ƙwaryar da ake duka da 'yan sanduna. Mata sun cika gidan har kan dakali. Na sami gefe can baya na zauna da saƙata a cinya, kowa na satar kallona. Talatu ta fito ita kaɗai a bayan makaɗa, ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Kiɗa ya tashi, ta buɗe baki ta jefa baitin buɗe fage, wanda ni na koya mata, wanda kowace mace a gidan ta san amshinsa tun tana yarinya. A al'ada ko babu 'yan amshi, matan biki kan karɓa. Ranar babu wadda ta motsa leɓe. Kiɗa ya zagayo, ta sake jefawa. Shiru. Na ga makaɗiya ɗaya ta fara sassauta hannu. Na san in ta uku ta faɗi, Talatu ta gama waƙa a ƙasar nan, kuma yaran nan huɗu da bakinta suke ci. Na san abin da likita ya ce, ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta jefa ta uku, na ajiye basilla na cafe.

Abin da ya fito daga bakina ba murya ba ce, kukan kwaɗo ya fi shi daɗi. Wata yarinya ma sai da ta tuntsire da dariya. Amma gidan gaba ɗaya ya juyo. Na miƙe na ratsa mata, na je na tsaya a bayan Talatu, daidai inda ta shekara goma tana tsaya mini. Ta waiwayo ta gan ni, bakinta ya kasa rufuwa.

Na ce mata, "Jefa mana, ke. Ko sai na yi miki faɗan a gaban mutane?"

Ta jefa, na karɓa. A zagaye na gaba uwar amarya ta shigo, sai wata tsohuwa, sai gidan ya ɗauka baki ɗaya. Da na tsaya nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma kun san uwarku. Wata huɗu rabona da fage, ga kiɗa ya yi daɗi, ga Talatu tana zuba baitoci kamar an buɗe famfo. Kuma na ga in na koma na zauna da wuri, za a ce kara kawai na yi. Na tsaya a bayanta har aka kira magariba. Matan da suka zuba abincinta wa awaki su ne suka fi kowa rawa, har da masu cewa su dama ba su taɓa yarda da maganar ba. Ban taɓa jin daɗin wuni irin na ranar ba, ko a lokacin da nake gaba.

Washegari na tashi da ɗanɗanon jini a baki, ko sunan Babanku ban iya kira ba. Muka koma Kano. Likita ya leƙa, ya ajiye fitilarsa, ya tambayi abin da na yi. Babanku ya faɗa masa.

Ya ce, "Wurin ya kusa warkewa sarai, yanzu ya yi tabo. Magana za ta dawo. Muryar waƙa kuwa, Hajiya, sai dai haƙuri."

A mota na yi kukana na gama, Babanku bai ce mini ai na faɗa miki ba, kuma na riƙe masa wannan har yau. Da muka sauka muka tarar da Talatu a zaure, tun safe take zaune, ta ƙi shiga ciki, ta ƙi cin abin da Goggo ta kai mata. Tana ganinmu ta miƙe.

"Yaya, me ya ce? Waƙar jiya ce ta jawo, ko? Don Allah kada ki ɓoye mini."

Ba ni da bakin amsawa, sai na dubi Babanku. Kun san shi, mutum ne da ko a cinikin albasa ba ya ƙara wa magana gishiri. Ya dube ni, ya dubi Talatu, ya yi gyaran murya.

"Likita ya ce tun ranar da aka yi aikin muryar ta tafi. Ko ta yi waƙa ko ba ta yi ba, duk ɗaya ne."

Talatu ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, sannan ta tuna ba abin godiya ba ne ta kama ba ni haƙuri, Goggo na yi mata dariya. Ranar malmala biyu ta ci. Babanku kuwa ya shige ɗaki da carbinsa, ina jin sa yana ta istigfari har aka kira la'asar.

Abin da muka faɗa mata shi muka faɗa muku, shi muka faɗa wa kowa. Talatu ta yi shekara goma sha bakwai tana gaba, ta aurar da yaranta duka da bakinta, kuma duk amaryar da ta yi wa waƙa sai ta sa an zo wajena sayen faifan jere. Ranar da ba ta da biki nan take wuni, ita tana tsaga mini kaba ni ina yi mata faɗa da wannan muryar tawa ta kwaɗo. Sau da yawa takan ce, "Yaya, da aikin nan bai ci muryarki ba, da har yanzu ina bayanki." Ni kuma in ce mata haka Allah ya so. Bara da azumi ta rasu, ni na yi mata wanka, kuma ta tafi ba ta sani ba.